Ruwa Mai Zurfi a Bangaladesh: A Sa Masa Takunkumi ko A Bar Kowa Ya Ja?

A ƙauyukan Bangaladesh, mai neman ruwan sha yakan dubi bakin famfo kafin ya tara tulunsa. In koren fenti aka shafa, ya ɗiba ya sha. In ja ne, ruwan na wanki ne da wanka, domin gubar asenik da ke cikinsa ta wuce kima. Daga shekarar 2000 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya, ma'aikata sun bi gida-gida da 'yar akwatin gwaji, suka auna rijiyoyin tuƙa-tuƙa kusan miliyan 5, suka yi wa kowace alamarta. Yau fentin ya koɗe a wurare da dama, an kuma haƙa ɗimbin sababbin rijiyoyi da ba a taɓa aunawa ba.

Da kyakkyawar niyya aka haƙa waɗannan rijiyoyi. Kafin shekarun 1970, mutanen karkara daga kududdufi da kogi suke sha, kwalara da gudawa suna ta ɗibar yara. Gwamnati da hukumar UNICEF suka duƙufa wajen kafa famfunan hannu, daga baya magidanta suka karɓe aikin, kowa yana haƙa tasa a tsakar gida. Mutuwar yara ta ragu, aka yi ta sam barka. Ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Tun a 1983 wani likitan fata a Kolkata ta Indiya, K. C. Saha, ya alaƙanta baƙaƙen ɗigo-ɗigo da kaushin tafin hannu da na ƙafa da yake gani a jikin majinyata da ruwan rijiya. A Bangaladesh sai a 1993 aka tabbatar da gubar, a gundumar Chapai Nawabganj. Binciken da hukumar nazarin ƙasa ta Birtaniya da sashen injiniyoyin lafiyar jama'a na Bangaladesh suka fitar a 2001, bayan auna rijiyoyi 3,534, ya nuna kashi 27 cikin 100 na gajerun rijiyoyi sun haura iyakar ƙasar ta maikirogiram 50 a lita, kashi 46 kuma sun haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ta maikirogiram 10. Mutum kusan miliyan 35 ke nan a ma'aunin farko, miliyan 57 a na biyu.

A cikin wannan rahoto ne kuma aka hango mafita. Rijiyoyin da zurfinsu ya wuce mita 150, kashi 1 cikin 100 ne kawai suka haura iyakar ƙasar. Dalilin yana cikin yashin kansa. Kogunan Ganga da Brahmaputra sun shafe dubban shekaru suna kwaso ƙasa daga tsaunukan Himalaya suna jibgewa, asenik yana manne da tsatsar ƙarfen da ta lulluɓe ƙwayoyin yashin. A saman, inda yashin yake sabo, launin toka, gauraye da ruɓaɓɓen ganye da laka, ƙwayoyin bakteriya suna narkar da tsatsar, gubar ta saku cikin ruwa. A can ƙasa akwai tsohon yashi mai ja-ja ko ruwan ƙasa, wanda tsatsarsa ke nan daram tana riƙe gubar. Masu haƙa rijiyar hannu sun san wannan bambanci da idonsu. Za ka ga mutum a tsaye kan dandamalin gora, abokansa suna ɗaga bututu suna saki da wata doguwar gora, shi kuma yana rufe bakin bututun da tafin hannu yana buɗewa, taɓo yana feshowa. Lokaci-lokaci ya damƙi yashin da ya fito ya ajiye a jere a ƙasa, toka-toka, toka-toka, har a kai ga ja.

To, ga tsaftataccen ruwa a ƙasan mai guba, wanda wani sashensa ya kwana dubban shekaru a wurin. Sai muhawara ta tashi, kuma har yau ba ta kwanta ba: a ƙayyade wanda zai ja wannan ruwa da yawan da zai ja, ko a bar jama'a su kai gare shi ta kowace hanya?

Masu son takunkumi hujjarsu ta farko a bayyane take. In ka huda buhun hatsi daga gindi, na sama ne zai gangaro ya cike gurbin. Duk litar da aka zuƙo daga zurfi tana rage ƙarfin ruwan wurin, na sama kuma ya fara sulalowa ƙasa. Inda akwai shimfiɗar yumɓu mai kauri tsakanin hawa biyun, sulalowar tana jinkiri ƙwarai. Amma yumɓun bai game ko'ina ba, a wasu wurare ya yanke, a wasu babu shi sam. A 2008 masana biyu daga Amurka, Holly Michael da Clifford Voss, suka kwaikwayi tafiyar ruwan yankin Bengal gaba ɗaya a kwamfuta. Abin da suka samu shi ne, in aka keɓe ruwa mai zurfi don amfanin gida kawai, zai iya wadatar da kusan kashi 90 cikin 100 na yankin da gubar ta shafa har tsawon shekara 1,000. In kuwa aka kai injinan noman rani can ƙasa, wannan lissafi ya rushe, domin abin da gonar shinkafa ke sha ya ninka na tukunya da randa sau da yawa.

Ana iya cewa wannan lissafin kwamfuta ne. Amma akwai inda abin ya faru a zahiri, a ƙasar Biyetnam. Ƙauyen Van Phuc yana da tazarar kusan kilomita 10 daga birnin Hanoi, a bakin Jan Kogi. Yawan ruwan da birnin ke zuƙowa ya juya alkiblar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya koma gudana zuwa wajen birni, ya janyo ruwa mai guba daga sabon yashi zuwa cikin tsoho. A 2013 Alexander van Geen na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa suka nuna cewa gubar ta kutsa kimanin mita 120 cikin yashin da a da yake lafiya lau, har launinsa ya juye daga ja zuwa toka. A wannan shekarar dai, Laura Erban da abokanta na Jami'ar Stanford suka ba da rahoton rijiyoyi kusan 900 a yankin bakin kogin Mekong, masu zurfin mita 200 zuwa 500, da aka samu da gubar. Bayaninsu shi ne yawan ja ya sa yumɓun da ke tsakani ya matse, ya tatso abin da ke cikinsa zuwa ruwan sha, ƙasar kanta kuma tana nitsewa sannu a hankali. Wato yumɓun da ake taƙama da shi a matsayin garkuwa ma yana iya zama tushen cutar.

Sai kuma Dhaka, babban birnin Bangaladesh, wadda ita ce babbar mai shan ruwan. Shekara da shekaru mafi yawan ruwan famfon birnin daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ban da na masaƙu da marinun da ke Gazipur da Narayanganj, waɗanda kowace ke da tata rijiyar. Ruwan ƙarƙashin birnin ya daɗe yana ja da baya da mita 2 zuwa 3 a shekara, a wasu unguwanni ya yi ƙasa da fiye da mita 60. Wannan rami bai tsaya a iyakar birni ba, yana jan ruwan ƙauyukan da ke nesa da kilomitoci masu yawa, wasunsu a tsakiyar yankin gubar suke. Ga wata illa da ta fi saurin zuwa: famfon hannu irin na ƙauye ba ya iya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da mita 7 ko 8. Rijiya mai zurfi tana aiki da irin wannan famfo ne saboda ƙarfin ruwan yana turo shi sama kusa da baki. Da zarar ƙarfin ya faɗi, matar ƙauye za ta yi ta tuƙi ba ɗigo, ƙarshe ta koma famfo mai jan baki. Kuma, in ji masu wannan ra'ayi, kogi in ya ƙazantu damina ɗaya tana iya wanke shi, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa in ya ɓaci babu mai wanke shi a zamanin jikoki ma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗaya ɓangaren ba jahilai ba ne, kuma ba 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Cikinsu akwai Peter Ravenscroft, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ɗan Birtaniya da ya daɗe yana aiki a Bangaladesh. A 2011 shi da abokansa suka sake auna rijiyoyi masu zurfi 46 a yankunan da gubar ta fi tsanani, bayan shekara 13 da aunawar farko, ba su ga alamar gubar tana ƙaruwa ba. Hujjarsu ta fi karkata ga rai da mutuwa. An ƙiyasta cewa gubar tana kashe mutum kusan 43,000 a kowace shekara a ƙasar, ta hanyar ciwon daji da cututtukan zuciya da na huhu. Wani dogon bincike a yankin Araihazar na ƙasar, wanda ya bi diddigin mutum kusan 12,000, ya danganta kusan kashi ɗaya cikin biyar na mace-macen da aka samu da ita. Da wane ido za ka dubi uwa ka ce ta ci gaba da ba ɗanta ruwan da ka san yana da guba yau, don kare ruwan wanda za a haifa bayan shekara 200?

Wannan tambaya ba ta fatar baki ba ce, don an riga an gwada taka-tsantsan ɗin an ga kuɗinsa. Manufar da gwamnati ta fitar a 2004 ta fifita ruwan sama da na tafki da gajerun rijiyoyin guga a kan rijiya mai zurfi, saboda tsoron kada a lalata na ƙasa. Aka gina matatun yashi a bakin kududdufai, aka kafa tankunan tara ruwan sama. Da yawansu suka lalace don rashin kulawa, gwaje-gwaje kuma suka nuna ƙwayoyin cutar gudawa a cikin waɗanda ke aiki. An mai da mutane ga abin da iyayensu suka gudo masa. Rijiya mai zurfi ce ta fi kowace dabara daɗewa tana aiki, ita ce kuma mutane suka fi so, don babu abin da take buƙata sai tuƙi.

Manoma ma suna da tasu maganar, kuma mai nauyi ce. Bangaladesh ƙasa ce da ta ga yunwar 1974. A tsakiyar shekarun 1980 akwai dokar da ta ce sai da lasisi za a kafa rijiyar noma, tare da ƙa'idar tazara tsakanin rijiya da rijiya. Da aka sassauta waɗannan ƙa'idoji a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma buɗe ƙofar shigo da ƙananan injinan dizal masu araha, sai noman rani ya bunƙasa. Shinkafar rani da suke kira boro yanzu ta fi rabin abin da ƙasar ke nomawa, jimillar shinkafar kuma ta tashi daga kusan tan miliyan 10 a farkon shekarun 1970 zuwa sama da miliyan 35. Manomin da ya ga wannan da idonsa, in ka ambaci lasisi, abin da yake ji shi ne jeka-ka-dawo a ofis da na goro. Tsoronsa kuma yana da tushe. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2016 ya nuna yadda aka ba 'yan majalisa bakin magana a kan rabin wuraren da za a kafa rijiyoyin gwamnati, rijiyoyin suka riƙa ƙarewa a harabar magoya baya, alhali mutum kusan miliyan 20 suna ci gaba da shan guba. Hukumar da ta kasa raba rijiya da adalci, ta yaya za a amince ta raba izinin haƙa ta?

Har ila yau, ba kowane jan ruwa ne ɓarna ba. A 2022 Mohammad Shamsudduha da abokansa suka wallafa a mujallar Science cewa jan da ƙananan manoma kusan miliyan 16 ke yi da rani yana buɗe gurbi a ƙasa, damina ta zo ta cike shi da ruwan da da teku zai tafi. Sun ƙiyasta abin da aka kama ta haka tsakanin 1988 da 2018 da ninki biyu na abin da madatsar Three Gorges ta ƙasar Sin ke ɗauka. Wannan bai shafi ko'ina ba, a tudun Barind na arewa maso yamma ruwan raguwa yake yi, amma ya isa ya karya zancen cewa injin manomi abokin gaba ne.

Da na auna hujjojin nan, sai na ga rabin rigimar ta samo asali ne daga haɗa masu jan ruwa iri uku a kwando ɗaya. Akwai mai famfon hannu da ke jan na sha da girki. Akwai manomin da ke jan na sama-sama. Akwai kuma birni da masana'anta da manyan rijiyoyin noma masu kai wa zurfi da injin lantarki dare da rana. Rijiyoyin da Ravenscroft ya auna galibi a karkara suke, inda ja bai yi tsanani ba, saboda haka lafiyarsu ba ta wanke Dhaka ba. Shekara 13 kuma gajeren lokaci ne ga ruwan da ke tafiya taku kaɗan a shekara. Haka nan lissafin Michael da Voss bai taɓa cewa a hana talaka rijiya mai zurfi ba. Hasali ma ya nuna cewa injinan manoma da ke ja daga sama suna taimakawa, don suna tare ruwa mai guba kafin ya gangara. Waɗanda suka fake da wannan bincike suka yi ta jan ƙafa wajen haƙa rijiyoyin sha sun karanta shi a baibai.

Labarin Van Phuc kansa fuska biyu gare shi. Ruwan ya yi tafiyar fiye da kilomita 2 cikin shekara 40 zuwa 60, gubar kuwa mita 120 kawai ta ci, domin jan yashin yana kama ta a hanya. Wannan jinkiri rahama ne, yana ba da lokacin gina matatun ruwan kogi da shimfiɗa bututu. Amma jinkiri ne kawai, kuma yashin da ya ƙoshi da gubar ba ya ƙara kamawa. Wanda ya ce babu haɗari ya yi ƙarya, wanda ya ce gobe za a wayi gari komai ya ɓaci shi ma ya zuzuta.

Akwai hujja ɗaya da ke damun matsayina, ba zan ɓoye ta ba. In aka bar manomi a ruwan sama-sama, to da ruwa mai guba yake ban ruwa. Gubar tana taruwa a ƙasar gona shekara bayan shekara, tana rage yabanya, wani kaso kuma yana shiga ƙwayar shinkafar, a ƙasar da ake cin shinkafa safe da rana da dare. Akwai ma masanan da ke ganin jan da manoma ke yi yana janyo ruwan kududdufi mai ruɓaɓɓen abu zuwa ƙasa, ya ƙara sakin gubar, kodayake wasu masanan sun musanta. Duk da haka ban ga hikimar kai gonaki ga ruwa mai zurfi ba. Matsalar gona tana da wasu magunguna: a riƙa barin fadamar ta sha iska tsakanin ban ruwa da ban ruwa maimakon a bar ta cikin ruwa kullum, a koma masara ko alkama da rani inda ƙasa ta yarda, a yi amfani da ruwan kogi inda yake kusa. Ruwan sha kuwa, a dubban ƙauyuka, ba shi da wani madadi mai araha. Ba a ƙarar da abin da ba shi da madadi a kan abin da yake da shi.

Wani abin da ɓangarorin biyu kan tsallake shi ne ingancin haƙar kanta. A Araihazar, da aka binciki 'yan rijiyoyi masu zurfin da aka samu da guba, an tarar wasunsu bututunsu ne ya tsage, ko mai haƙa ya sa matata a sama inda bai kamata ba. Rijiyar da ba a toshe gefenta da kyau ba ta zama hanyar da ruwan sama zai bi ya gangara kai tsaye, ko da yumɓun wurin ya kai kaurin gida. Nan ne doka take da saurin amfani, kuma nan ne aka fi sakaci: horar da masu haƙa, duba aikinsu, toshe rijiyoyin da aka daina amfani da su, da auna kowace rijiya kafin a sha, a kuma sake aunawa bayan 'yan shekaru. Mu ma mun san wannan darasi a gida. A Tibiri kusa da Maraɗi, rijiyar burtsatsen da ta fara ba garin ruwa a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, aka ɗauki fiye da shekara 10 kafin a farga, bayan dubban yara sun tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa da lalatattun haƙora. Zurfi kaɗai bai taɓa zama shaidar tsafta ba.

Saboda haka ina tare da masu takunkumi, amma ba takunkumin bai-ɗaya ba. A keɓe ruwan da ke ƙasa da mita 150 don sha da girki a yankunan da gubar take. Rijiyar sha ta ƙauye, wadda kuɗinta kan doshi dala 1,000, abin da ya fi ƙarfin magidanci ɗaya, gwamnati ta yawaita ta yanzu, ta kafa ta bisa taswirar gwaji, inda jan fenti ya fi yawa, ba bisa takardar ɗan majalisa ba. Manomi mai ɗan injinsa a ruwan sama-sama a sauƙaƙa masa, kada lasisin da dokar 2018 ta dawo da shi ya zama hanyar tatsarsa. Mita da haraji da iyaka su hau kan manyan masu ja, waɗanda ba su da yawa, an san adireshinsu, suna kuma da halin biya. Dhaka ta riga ta nuna ana iya juyawa ga kogi, da matatar Saidabad da ta Jashaldia da aka buɗe a 2019 a kan kogin Padma.

Dokar ruwa ta 2013 ta ba gwamnatin Bangaladesh ikon ayyana yankin da ruwansa ke cikin matsi, da ƙayyade iyakar da ba za a ja a wuce ba, ta kuma sa ruwan sha a gaban kowace buƙata. Ikon yana hannunta. Ta fara aiki da shi a kan birni da masana'antu, ta ƙyale mai famfon hannu.